Makullin Faifaina Yana Hannun Microsoft: In Goge Windows In Koma Linux?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni akanta ne a nan cikin garin Katsina, ina riƙe wa wasu 'yan kasuwa da wani mai kemis lissafin shige da ficen kuɗinsu, kuma komai yana cikin laftof ɗina mai Windows 11. Kwanan baya ƙanena da ke karatun kwamfuta ya ce min faifan injin a kulle yake da BitLocker, makullin kuma yana wurin Microsoft, suna iya miƙa wa hukuma idan an nema. Ya ce in goge Windows in saka Linux. Gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya zan sauya ba tare da na salwantar da aikin mutane ba? Ba wani laifi nake ɓoyewa ba, amana ce kawai a hannuna."

Wa alaikumus salam Malam. Abu uku ka tambaya a dunƙule: ko da gaske kwafin makullin yana wurin Microsoft, ko hakan ya kai a tayar da hankali, da kuma ko komawa Linux shi ne magani. Ƙanenka ya yi gaskiya a na farko. A na ukun ne ya ɗan yi gaggawa, domin akwai hanyar karɓe makullin kana zaune a kan Windows, kuma Linux ɗin ma yana zuwa da nasa nauyin da sai ka shirya masa.

Yadda kullin yake aiki

BitLocker ya fito ne tun zamanin Windows Vista. Aikinsa shi ne duk abin da za a rubuta a faifan ajiya sai an hargitsa shi da lissafin da ake kira AES, ta yadda wanda ya cire faifan ya haɗa shi da wata kwamfuta ba zai ga komai ba sai shirme. Idan babu irin wannan kulli, kalmar sirrin da kake bugawa wajen shiga Windows ba ta hana komai. Duk mai gyara ya san haka: a tayar da injin da filashi, ko a zare faifan a sa a wata na'ura, fayilolinka gaba ɗaya suna nan a buɗe.

Ainihin makullin da ke hargitsa bayanan ba ka taɓa ganinsa ba, kuma ba za ka gan shi ba. Yana cikin faifan, shi ma a kulle, kuma ana iya buɗe shi ta hanya fiye da ɗaya. Hanya ta yau da kullum ita ce wani ɗan ƙaramin sashe mai suna TPM a jikin babban allon lantarki na cikin injin (motherboard), wanda Windows 11 ma ba ta yarda ta hau kwamfuta sai da shi. Duk lokacin da ka kunna, TPM yana duba ko an taɓa saitin BIOS, wato saitin tushe na injin da ke tashi kafin Windows, ko manhajar tayar da injin. In ya ga komai yadda ya bari, sai ya saki makullin shiru, shi ya sa ba ka taɓa sanin faifanka a kulle yake ba. In ya ga canji, sai ya riƙe, shuɗin allo ya fito yana neman makullin ko-ta-kwana: lambobi 48, a rukuni 8, kowane rukuni lamba 6. Wannan shi ne wanda ƙanenka yake magana a kai.

A Windows Home ana kiran tsarin "Device encryption". Da zarar an shiga injin da asusun Microsoft, kullin yana kankama da kansa, kwafin lambobi 48 ɗin kuma ya tafi sabar kamfanin, wato manyan kwamfutocinsa na intanet, ba tare da an tambaye ka ba. Daga fitowar Windows 11 ta 24H2 a 2024 an sassauta sharuɗɗan, saboda haka injina da yawa da a da ba sa kulluwa yanzu suna kulluwa tun ranar da aka ɗora musu Windows. Akwai wani hali na tsakiya da mutane ba su cika sani ba: idan da asusun cikin injin kawai ake shiga, ba na Microsoft ba, faifan yana iya zama a hargitse amma makullinsa na ajiye a fili a cikinsa, yana jiran ranar da za a haɗa asusu. Irin wannan injin ba shi da kariya ko kaɗan, ko da yake kallon farko zai nuna kamar yana da ita.

Wa zai iya amfani da kwafin

Abin kamar shagon haya ne da mai gida ya riƙe safayan makulli. Ba shiga yake yi ba, kuma ranar da naka ya ɓata shi zai cece ka, amma in kotu ta aiko masa da takarda zai miƙa. Riƙe makullin kaɗai ba ya ba Microsoft damar leƙa fayilolinka daga nesa. Sai an haɗa abu biyu: lambobin, da kuma faifan kansa a hannu.

Miƙawar kuwa ta faru. A farkon 2026 mujallar Forbes ta ba da rahoton cewa Microsoft ya ba hukumar FBI ta Amurka makullan BitLocker na wasu laftof da aka kama a tsibirin Guwam, a wani bincike kan zargin almundahanar kuɗin tallafin zamanin korona, bisa umarnin kotu. Kamfanin ya tabbatar yana yin haka idan takardar ta cika ƙa'ida kuma makullin yana wurinsa. Wanda bai ɗora nasa a sabar ba, babu abin da za a miƙa.

Sai dai in don ta kai ne, akanta a Katsina, wannan shi ne haɗari mafi nisa. Na kusa su ne waɗannan. Ɓarawo ya ɗauke jaka a mota ko a masallaci, wanda kullin ne ke maganinsa, ko wa ke riƙe da kwafi. Sai shuɗin allon ya fito wata safiya kai kuma ba ka san inda lambobin suke ba. A wurin gyara wannan ne ya fi kowanne yawa, kuma babu mai gyaran da zai iya fasa shi, duk wanda ya ce maka zai iya to fomatin zai yi. Ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar manhajar CrowdStrike ta durƙusar da miliyoyin kwamfutoci a duniya, kamfanoni da dama sun makale ne wajen neman waɗannan lambobi. Na uku kuma, wanda ya fi damuna da injinan da ake saye a kasuwanninmu, shi ne asusun da makullin ya tafi ba naka ba ne. Yaron shago ya ɗora Windows, ta nemi imel, ya buga nasa don ya gama da wuri. Ko injin na hannu ne daga wani kamfani a Ingila da ba a goge shi da kyau ba, ko an taɓa shiga da imel ɗin makaranta ko na ofis, makullin ya faɗa hannun masu kula da kwamfutocin wurin. Sannan ga OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet: idan foldar Documents da Desktop suna hawa can, to fayilolin kansu suna sabar Microsoft, maganar makulli ma ba ta taso ba.

Tunda bayanan mutane ne, akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta ɗora wa mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su. Fassara ta aikin lauya ne, ba nawa ba, amma kashe kullin gaba ɗaya don haushin Microsoft, ka bar faifan a buɗe, shi ne mafi munin zaɓi.

Abin da za ka fara yi, kafin a taɓa komai

Ka danna Start, ka rubuta cmd, ka zaɓi "Run as administrator". Ka buga manage-bde -status. Ka duba layi biyu: "Conversion Status" zai nuna ko faifan a hargitse yake, "Protection Status" kuma ko kariyar tana kunne. In na farko ya ce an kulle, na biyu ya ce "Off", kana cikin halin tsakiyar nan da na ambata.

Daga nan ka buga manage-bde -protectors -get C: A ƙarƙashin "Numerical Password" za ka ga lambar shaida mai suna ID, da lambobi 48 ɗin. Ka kwafe su da biro a takarda, tare da haruffa 8 na farkon ID, domin su ne shuɗin allon yake nunawa don ka san wane makulli ake nema. Tunda kai mai lissafi ne, ga hanyar tantance kwafinka: kowane rukuni na lamba 6 dole ya rabu da 11 ba saura. Ka ɗauki kalkuleta ka gwada duka takwas, wanda ya bar saura ka yi kuskure a cikinsa. Kada ka rikita wannan da lambar lasisin Windows mai haruffa 25, ita ba ta buɗe faifai.

Sai ka shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey da asusunka. In ka ga makulli mai ID iri ɗaya da na takardarka, to a asusunka yake. In shafin wayam ne alhali kariya tana kunne, mai yiwuwa wani ne daban ke riƙe da shi, kuma sauya makullin ya zama dole ko da ba ka da wata damuwa da Microsoft.

Idan za ka zauna a Windows

Ka duba Settings, System, About, ka ga Home ce ko Pro. Yawancin injinan ofis na hannu, irin su Latitude da EliteBook da ThinkPad, da Pro suke zuwa, kuma a Pro abin mai sauƙi ne.

Goge makullin daga shafin intanet kaɗai bai wadatar ba, saboda lambobin suna nan suna aiki a faifan, duk wanda ya taɓa kwafarsu zai iya buɗewa. Sabo za ka yi. Gajeruwar hanya: manage-bde -protectors -add C: -RecoveryPassword zai ba ka sababbin lambobi, ka rubuta su, ka tantance, sannan ka cire tsohon da manage-bde -protectors -delete C: -id tare da ID ɗinsa. Kada ka juya jerin, sabo kafin cire tsoho. Wannan ba ya canza ainihin makullin ciki, saboda haka wanda yake so ya yanke shakka gaba ɗaya sai ya bi doguwar hanya: ya kashe BitLocker, ya jira faifan ya gama warwarewa, ya sake kunnawa, kuma da aka tambaye shi inda zai adana makullin ya zaɓi ajiyewa a fayil ko bugawa a takarda, ya tsallake zaɓin asusun Microsoft. Fayil ɗin a filashi zai sauka, Windows ba ta yarda a ajiye shi a faifan da ake kullewa. In ba ka da firinta a gida kada ka kai shagon buga takardu, kwafi yana kwana a kwamfutarsu. Biro ya isa. A SSD, wato faifan zamani marar juyawa, warwarewar ba ta daɗewa, a tsohon faifai mai juyawa tana iya cin awanni, sai a jona caja. Bayan an gama sai ka koma shafin ka goge tsohon, kuma ka riƙa leƙawa lokaci zuwa lokaci ka tabbatar wani sabo bai hau ba.

A Pro ina ba da shawarar ƙara lambar PIN ta tayar da inji. TPM shi kaɗai yana sakin makullin ga duk wanda ya danna maɓallin kunnawa, kuma masu bincike sun nuna cewa a wasu tsofaffin injina ana iya satar makullin a kan hanyarsa daga TPM zuwa ƙwaƙwalwar injin da 'yar na'ura mai arha. Ana buɗe gpedit.msc, a bi BitLocker Drive Encryption zuwa Operating System Drives, a kunna "Require additional authentication at startup", sannan a buga manage-bde -protectors -add C: -TPMAndPIN.

A Home hannunka a ɗaure yake, domin an gina tsarin ne a kan asusun Microsoft. Ko dai ka sayi lasisin Pro na gaskiya, ko ka bar kullin yadda yake don maganin ɓarawo ka ƙara na biyu a ciki: manhajar VeraCrypt, kyauta ce, tana ƙera babban fayil guda da ke buɗewa kamar wani faifai daban idan an buga kalmar sirri, kuma ba ta aika makulli ko'ina. Ka zuba lissafin mutane a ciki, ka ajiye fayil ɗin a wurin da OneDrive ba ya kwasa. Ga mutane da yawa masu irin aikinka, nan maganar ta ƙare.

Abin da Linux ke bayarwa da abin da yake karɓa

Kullin faifai a Linux sunansa LUKS, yana nan tun 2004. Babu asusu, babu saba, babu kamfanin da ke riƙe kwafi. Jimlar sirri kake bugawa duk lokacin da ka kunna. Wannan shi ne amfaninsa, kuma shi ne haɗarinsa: babu "na manta", babu lambar da za a turo maka ta waya, babu wanda za ka kira. Ka manta jimlar, lissafin 'yan kasuwar nan ya tafi har abada.

Kafin maganar sirri ma, ka tambayi kanka ko aikinka zai yiwu a can. Excel na kan kwamfuta ba ya hawa Linux. LibreOffice Calc yana buɗe fayilolinsa, lissafin yau da kullum yana tafiya daidai, amma fayil mai macro da yawa, wato umarnin da aka rubuta a ciki don yin aiki da kansa, yakan ba da matsala, tsarin shafi ma yakan goce wajen bugawa. Sage 50 da QuickBooks na kan kwamfuta ba su da na Linux. Idan da ɗayansu kake ci, to ka zauna a Windows ka gyara makullinka, kada kishin ƙanenka ya raba ka da sana'a.

Gwaji ba ya buƙatar goge komai. Ka sami filashi mai gigabait 8, ka sauke Linux Mint, wanda ya fi kama da Windows a ido kuma nauyinsa wajen gigabait 3 ne, ko Ubuntu 24.04 da ya kusa ninka haka, ka rubuta shi a filashin da manhajar Rufus. Kafin ka tayar da shi, ka dakatar da kariya da manage-bde -protectors -disable C: -RebootCount 0, in ka gama ka mayar da -enable, kuma takardar lambobin tana aljihunka. Dalili shi ne taɓa saitin tsaron tashi mai suna Secure Boot ko jerin tayarwa a BIOS shi ne ainihin abin da TPM yake ɗauka a matsayin kutse. Maɓallin zaɓen filashi F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP. Linux zai tashi daga filashin kai tsaye. Ka gwada Wi-Fi, ka gwada jona intanet daga wayarka, ka gwada firinta, sannan ka buɗe kwafin fayil ɗinka mafi girma da rikitarwa ka kwatanta jimillar ƙasa da wadda Excel ke bayarwa.

Jerin ƙaura

Inda ake asara shi ne wajen kwafi, ba wajen ɗora Linux ba, saboda haka a nan zan daɗe.

Kwafi biyu za ka yi, a na'urori biyu daban. Ka fara da OneDrive: fayil mai alamar shuɗin gajimare ba ya cikin injinka, sunansa ne kawai yake nan. Ka danna dama a kan foldar, ka zaɓi "Always keep on this device", ka jira kowane fayil ya koma koren alama kafin ka kwafa, kuma ka tanadi data don hakan. Kalmomin sirrin da Chrome ko Edge suka adana a ɗaure suke da asusun Windows ɗinka, kwafe foldar burauza ba zai kawo su ba. Ka fitar da su ta saitin burauzar zuwa fayil ɗin CSV, ka sani kuma wannan fayil a buɗe yake, kowa na iya karantawa, da ka gama shigar da shi a sabon wuri ka goge. Mai amfani da Outlook ya fitar da wasiƙunsa. Manhajar lissafi kuma a yi mata nata kwafin daga cikinta, sannan a fitar da rahoton kowane abokin hulɗa zuwa Excel da PDF, don ranar da manhajar ba ta kusa.

Faifan wajen ya zama exFAT ko NTFS, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Shi ma kada ka bar shi a buɗe, in ba haka ba ka kulle laftof ka bar komai a aljihun tebur. VeraCrypt ya fi dacewa da shi tunda yana aiki a Windows da Linux da Mac. Faifan da aka riga aka kulle da BitLocker ma Linux yana iya buɗe shi da kalmar sirrinsa ko lambobi 48, tun fitowar cryptsetup 2.3 a 2020. Bayan kwafi, ka kai faifan wata kwamfuta ka buɗe fayiloli goma ko ashirin daga foldoji daban-daban. Kwafin da ba a gwada ba kada a dogara da shi.

Yanzu ga shawarar da nake ba duk mai injin da amana ke ciki: kada ka goge faifan Windows ɗin ko kaɗan. Ka sayi sabon SSD mai gigabait 256, a cire tsohon a ajiye, a ɗora Linux a sabon. A duba tukuna ko injinka siririn nan na M.2 yake ɗauka ko mai faɗin inci 2.5, kuma wasu ƙananan laftof nasu a like yake da allon lantarki na cikin injin, ba ya ciruwa. In bayan sati biyu ka ga Linux bai karɓe ka ba, sukurori kaɗan ne, ka mayar da tsohon, in ya nemi lambobi ka ba shi.

Haɗa Windows da Linux a faifai ɗaya yana yiwuwa, amma shi ne hanya mafi yawan rigima. Manhajar ɗora Ubuntu 24.04 za ta tsaya ta ce sai an kashe BitLocker. Sai an rage girman ɓangaren Windows daga Disk Management, sai an kashe Fast Startup in ba haka ba Linux zai ƙi rubutu a ɓangaren Windows, agogo zai riƙa gocewa da awa ɗaya saboda Linux yana ajiye lokacin duniya Windows kuma lokacin Nijeriya, kuma a Agustan 2024 wata sabuntawar Windows ta hana Linux tashi a injina da dama masu irin wannan haɗi. Ɗalibi zai iya jure wannan, mai riƙe littafin kemis bai kamata ba.

Idan kuwa faifai ɗaya gare ka kuma ka yanke shawarar gogewa gaba ɗaya, kada ka kashe BitLocker tukuna. Ka ɗora Linux a kansa yana kulle. Abin da ya yi saura na tsofaffin bayanai a lungunan faifan zai zauna a hargitse, ba mai iya tono shi, alhali in ka warware kafin gogewa ka shimfiɗa su a fili ne.

Matsala ɗaya da ake yawan karo da ita: manhajar ɗorawa ta ce ba ta ga faifai ba. Yawanci saitin ajiya a BIOS yana kan RST ko RAID ne, sai a mayar da shi AHCI. Ka rubuta cewa ka canza, domin ranar da za ka mayar da tsohon faifan Windows sai ka mayar da saitin, in ba haka ba ba za ta tashi ba. Batir ya cika, caja a jone, kada a fara ana tsammanin ɗauke wuta da injin da batirinsa ya mutu.

Kullin ana zaɓarsa ne lokacin ɗorawa, ƙara shi daga baya aiki ne na ƙwararru. A Mint akwai akwatin da ke cewa a kulle sabon tsarin gaba ɗaya, shi za ka zaɓa, ba wanda ke kulle foldar gida kaɗai ba. A Ubuntu yana ƙarƙashin "Advanced features", zaɓin LVM tare da kulli.

Jimlar sirri da inda za ta kwana

Ka haɗa kalmomi shida ko bakwai da ba su da alaƙa da juna. Ban da karin magana, ban da aya, ban da sunan 'ya'ya ko lambar waya. LUKS na zamani yana amfani da wani lissafi mai suna Argon2id, wanda ke sa kowane gwaji ya ci lokaci da ƙwaƙwalwa, amma wannan ba ya ceton jimlar da maƙwabcinka zai iya cinka. Hausa ta yi kyau a nan, sai dai ka guji ɓ da ɗ da ƙ, domin allon da ke tambayar jimlar yana fitowa ne kafin madannan Hausa su tashi. Ka yi hattara da alamomi ma: injinan da suka fito daga Ingila wurin @ da alamar zance a juye yake da na Amurka, mutum ya buga abu ɗaya lokacin ɗorawa, injin ya karanta wani daban lokacin tashi. Ƙananan haruffa da tazara sun isa in jimlar tana da tsawo.

Da injin ya tashi, ka yi wa kanka makullin ko-ta-kwana, tunda ba mai yi maka. LUKS2 yana karɓar jimla har 32 a faifai ɗaya. Ka buga lsblk -f ka nemo ɓangaren da aka rubuta crypto_LUKS a gabansa, misali nvme0n1p3, sannan sudo cryptsetup luksAddKey /dev/nvme0n1p3 ka saka jimla ta biyu, doguwa, wadda takarda za ta riƙe maka. Ka sake kunna injin ka gwada ta. Sai ka kwafi sashen farko na faifan, wanda ake kira header, da cryptsetup luksHeaderBackup zuwa filashi. Megabait 16 ne kacal, amma nan ne makullan suke, in wurin ya lalace ko jimlar da ke daidai ba za ta buɗe ba. Ka tuna kwafin yana riƙe da jimlolin ranar da aka yi shi, in ka canza jimla ka yi sabo ka lalata tsohon.

Takardar, ta BitLocker ce ko ta LUKS, kwafi biyu, ɗaya a gida ɗaya a wani gidan, a cikin leda saboda damina da gara. Kada ta kwana a jakar laftof. Kada ka ɗauke ta hoto, domin wayar Android tana iya tura hoton Google Photos, ka ga ka karɓe makulli daga wani kamfani ka miƙa wa wani. Haka tura wa kai ta WhatsApp ko imel. Kuma tunda dukiyar mutane ce, mutum ɗaya amintacce ya san inda ambulan ɗin yake. Rai ba a hannunmu yake ba, kada magada da masu kaya su tsaya gaban injin da ba mai iya buɗewa.

Iyakar abin

Ban ga injinka ba, saboda haka sunayen wasu maɓallai na iya bambanta kaɗan da abin da na rubuta. Kullin faifai kuma, kowane iri ne, inji a kashe yake karewa. Wanda aka rufe murfinsa kawai yana barci ne, makullin na cikin ƙwaƙwalwarsa, don haka in za ka hau mota zuwa Daura ko Funtuwa ka kashe shi gaba ɗaya. Ba ya hana manhajar leƙen asiri da ta shigo ta manhajar sata, ba ya bin fayil ɗin da ka tura wa mai kemis ta WhatsApp, kuma in kotu kai ta umarta ka buɗe, wannan tsakaninka da lauyanka ne. In za a kai injin gyaran allo ko madannai, a zare faifan ko a kai shi a kashe, mai gyara yana iya gwada aikinsa da filashi ba sai ya san jimlarka ba.

Tsohon SSD ɗin Windows ka riƙe shi har ka rufe lissafin wata biyu ko uku a Linux ba tare da ka neme shi ba. Kafin ka ajiye shi ka tabbatar lambobinsa na takarda sun rabu da 11, sannan ka goge kwafin da ke shafin Microsoft. Ranar da ka tabbatar ba ka buƙatarsa, ka yi masa fomatin yana kulle, ka ƙona takardarsa, ka sa shi a ɗan akwatin USB ya zama faifan kwafinka na biyu.